Kishingiɗa a Motar da ke Tuƙa Kanta: Tambayoyi da Amsoshi

Tunda motar ce ke tuƙi, me zai hana direba ya kwantar da kujera ya huta?

Ba kowace ce ta kai nan ba. Ƙungiyar injiniyoyi ta SAE ta kasa irin wannan tuƙi mataki-mataki, daga 0 zuwa 5. A mataki na 3, kamar tsarin tuƙa kai na Mercedes mai suna Drive Pilot da Jamus ta amince da shi a 2021, direba na iya sakin sitiyari, amma da zarar motar ta kira shi dole ya karɓa. Kyamara na lura da idonsa, barci kuwa babu shi. To wanda ya kishingiɗa, ƙafa ta yi nesa da birki, ido na kallon rufi, yaushe zai kai? Kishingiɗar gaske sai mataki na 4 da na 5, inda motar ba ta buƙatar direba ya karɓi tuƙi.

Wane irin kwanci ne jiki ya fi so?

Bayan kujerar direba yakan karkata kusan digiri 25 daga tsaye. A shekarun 1970 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta lura a tasharta ta Skylab da ke sararin samaniya cewa idan babu nauyi, jiki kan saki kansa, tsakanin gangar jiki da cinya ya kai wajen digiri 128. Daga nan Nissan ta ɗauko fasalin kujerun Altima ta 2013. Sai dai kwantar da baya kaɗai bai wadatar ba. Idan mazaunin bai ɗago ta gaba ba, sai ka ji kana zamewa, riga na tattarewa a gadon baya, wuya ya sage don kana ɗaga kai ka leƙa titi. Dole a tallafi ƙwauri da ƙeya.

In an yi karo fa?

A nan gizo ke saƙa. Bel ɗin da Volvo ta fito da shi a 1959 don mai zama a miƙe aka yi shi: na ƙasa ya kama ƙashin ƙugu, na sama ya riƙe ƙirji. Mai kishingiɗa ƙugunsa ya juya baya, bel ba ya samun ƙashin da zai kama. Sai mutum ya zame ta ƙarƙashinsa, bel ɗin ya nutse a mara, inda hanji yake. Na kafaɗa kuma, da yake a jikin mota yake maƙale, yana lilo nesa da ƙirji.

Shi ya sa ake gwada bel da ke cikin kujerar kanta, da jakar iska a ƙarƙashin cinya, da kujerar da ke miƙewa kafin karo. A ganina dai talla ta riga gwaji gudu.

Jiri da tashin zuciya fa?

Suna zuwa ne idan ido da sashen can cikin kunne mai jin motsin jiki suka saɓa. Matashin kai na rage jijjiga, amma mai kallon waya bai ga kwana na zuwa ba, cikinsa ne zai fara sanar da shi.