Waiwaye: Ganyen da aka fara sani a dutse kafin a ga bishiyarsa

A 1941 wani masanin tsirrai ɗan Japan, Shigeru Miki, ya tsura wa wasu shatin ganye da suka daskare cikin laka ido. Na dangin itatuwan fain ne, masu ganye siri-siri da ba sa yin fure. Magabatansa sun daɗe suna cewa ganyen sikoya ne, ƙatuwar bishiyar nan ta Kalifoniya. Shi kuwa ya lura ganyayen suna fitowa biyu-biyu, kowanne yana fuskantar ɗan'uwansa a jikin reshe, alhali na sikoya bi da bi suke fita. Da wannan ɗan bambanci ya ce wata bishiya ce daban, ya raɗa mata suna Metasequoia. Kowa ya ɗauka ta ƙare tun shekaru miliyoyi.

Ashe tana nan da ranta a wani ƙauye a tsakiyar ƙasar Sin. Wani masanin tsirrai ɗan Sin, Hu Xiansu, shi ne ya haɗa ganyen da aka tsinko daga bishiyar da wanda Miki ya bayyana, ya ga abu ɗaya ne. A 1948 aka fitar da bayanin, aka rarraba irinta a duniya.

Haka ta sake faruwa a Ostireliya a 1994, lokacin da ma'aikacin gandun daji David Noble ya ci karo da bishiyar Wollemi cikin wani kwazazzabo. Manyanta ba su kai 100 ba.

Abin da ya dame ni shi ne mu ma a Gombe muna zaune a kan irin wannan taska. Duwatsun Bima sun kwanta ne tun zamanin da dangin fain ke cika dazuzzuka, kuma ana samun itacen da ya koma dutse a cikinsu: ka ɗaga ka ji nauyin dutse, ka duba ka ga zaren itace. Kwal ɗin Maiganga da ke Akko, wanda ake ƙonawa wajen yin siminti, tsirrai ne da suka taru a fadama shekaru kusan miliyan 70 da suka wuce. Har yau akwai ɗan wannan dangi, Podocarpus, a tsaunukan iyakar Najeriya da Kamaru.

Jami'ar Jihar Gombe da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa suna koyar da ilimin duwatsu. Ya kamata ɗalibansu su riƙa bin wuraren haƙa, suna ware dutsen da ke ɗauke da shatin ganye tun kafin a farfasa shi.