Digiri na biyu a kan wasan kwaikwayo da sana'o'in al'adu na duniya: me ake karantawa?

Wani ƙanena ya gama bautar ƙasa ya ce wannan fannin zai karanta. Kawunmu ya dube shi ya ce, "Yanzu wasa ma sai an yi masa digiri biyu?" Tambayar ta cancanci amsa, ita da waɗanda suka biyo bayanta.

Fitowa a fim ake koyarwa?

Ba shi ne jigon ba. Ana nazarin duk abin da ake yi a gaban 'yan kallo: wasan daɓe, fim, waƙa, rawar koroso, tashen azumi, har hawan salla. Sannan a bi sawun kuɗin. Wa ya zuba jari, wa ke da haƙƙin mallaka, wa ya ba da izini, me ya shiga aljihun marubuci da mai ɗaukar hoto?

To ina duniya ta shigo ciki?

Ai Kano ta daɗe a ciki. Tun kafin ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, finafinan Indiya sun cika silimun garin nan, kuma daga can rawa da waƙa suka sami gindin zama a fim ɗin Hausa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi shekaru yana rubutu a kan wannan cuɗanya, haka ma Brian Larkin, malamin jami'a a Amurka, wanda ya zauna a Kano ya yi bincike.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne kasuwar. Na tuna shagunan Ƙofar Wambai, faya-fayai jibge har rufi, ɗan kasuwa ya juya kwalin fim ya dubi fuskokin da ke kai, nan take ya yanke ko zai ɗauka. Masu tura finafinai a waya suka karya wannan ciniki. Yau furodusa a Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, yana jiran kuɗin talla daga YouTube, kamfanin da ke Amurka, wanda ke biyan kallon mutumin Ingila fiye da na mutumin Kurna. Wanda bai fahimci wannan lissafin ba zai yi ta wahala wani na kwashe romon. Ga kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ta sanya hawan sallar Kano cikin kayan gadon al'adun duniya a 2024. Kowanne ya isa kundin bincike.

A ina ake karatun?

Jami'ar Bayero tana da sashen nazarin wasan kwaikwayo, ita ma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da nata. A Ingila, Jami'ar Leeds tana da makaranta sukutum ta wannan fanni, kuma a can digiri na biyu shekara 1 ne galibi. Mai son fita ya nemi tallafin karatu na Chevening ko Commonwealth na Birtaniya, ko DAAD ta Jamus.

Wane aiki ake samu?

Koyarwa, tsara shirye-shirye a gidajen talabijin irin Arewa24, shirya bukukuwan al'adu, aiki a hukumomin al'adu, ko kula da kwantiragin mawaƙa. Gurbin ba shi da yawa, kuma takardar kaɗai ba ta buɗe ƙofa.

Wace shawara aka ba ƙanin nawa?

Na ce masa, "Kafin ka cike fom, je ka wuni a wurin ɗaukar fim, ka zauna da mai haɗa sauti da mai kwalliya, ka tambaye su yadda ake biyansu." Ya je ranar Asabar, ya dawo da shafi 6 na tambayoyi.