Mene ne tankin jinya a wajen masu kiwon kifin ado?

Masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi suna da wata kalma da sabon shiga kan ji ya ɗauka ɓarnar kuɗi ce: tankin jinya. Ƙaramin akwati ne na dabam, ko ma sabuwar robar wanka, inda ake kwashe kifi mara lafiya a yi masa magani nesa da babban akwatin da ke falo. Ba yashi a ƙasansa, ba tsiro, ba dutse. Ruwa ne kawai, da na'urar hura iska, da guntun bututun roba da kifin zai ɓuya ciki.

Ni dai sai da na yi asara na san amfaninsa. Da bazara na ga fararen ɗigo a jikin kifayena, kamar an barbaɗa musu gishiri. Na je wajen wani mai sayar da kayan kifi a nan Sakkwato, ya miƙo mini kwalba ya ce, "Malam, ɗiga wannan, kwana uku ka ga aiki." Na ɗiga. Da asuba na tarar dodon koɗina huɗu sun saki gilashi sun faɗo ƙasa, jatan lande sun kwanta gefe ba motsi. Ɗigon jikin kifin kuwa yana nan daram. Raina ya ɓaci ƙwarai, don da hannuna na kashe su.

Sinadarin jan ƙarfe ne a cikin kwalbar. Yana kashe ƙwayar cutar, amma adadin da ke kashe ta ya isa ya hallaka duk wata halitta mara ƙashin baya. An daɗe ana zuba shi da gangan don kashe katantanwar da ke yaɗa cutar tsargiya, da kuma gansakuka. Abin da ya fi ciwo shi ne ba ya fita da sauƙi. Yana maƙalewa a yashi da duwatsu, musamman irin farin dutsen nan na yin siminti da muke da shi a Kalambaina, daga baya ya riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan. Sai ka sayo sabon dodon koɗi bayan watanni, shi ma ya mutu, kana ta neman dalili. Dafinsa kuma ya fi ƙarfi a ruwan da ba shi da ma'adinai sosai, kamar ruwan sama.

Su kansu kifayen ba ɗaya suke ba. Duk wanda ya taɓa gyara tarwaɗa ya san jikinta sulɓi ne, ba ɓawo, haka kurungu da minjirya. Irin waɗannan magani ya fi saurin illata su, shi ya sa a kan koren maganin nan malakayit ake yawan cewa a ba su rabin awo. Shi malakayit ɗin ma an hana amfani da shi ga kifin ci a Amurka da Tarayyar Turai, don haka kada ya kusanci tafkin tarwaɗar da za a kai kasuwa. Fomalin kuwa, wani maganin da ake zubawa a ruwan kifi, iskar da ke cikin ruwa yake ragewa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ruwan da ma iskarsa ta yi ƙaranci. Ka zuba fomalin, a ɗauke wuta, na'urar iska ta tsaya, sai ka ga kifi a saman ruwa yana haki.

Gishiri ma ana yi wa kifi magani da shi, amma tsiro ba ya jure shi in ya yi yawa, kuma shuɗin maganin nan metilin yana kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin matatar ruwa. Akwai magunguna masu sauƙi, kamar farazikwantel da ake ba kifi don tsutsar jiki da ta wurin numfashinsa, wanda shi ne dai ake ba mutane don tsargiya. Amma ba ya maganin fararen ɗigo.

Wani zai ce, to ai cutar tana cikin babban akwatin ma. Gaskiya ne. Ƙwayar fararen ɗigo tana girma a ƙarƙashin fatar kifi, inda magani ba ya isa gare ta. In ta ƙosa sai ta faɗo ƙasa, ta rufe kanta, ta rarrabu ɗaruruwa, 'ya'yan su fito suna neman kifi. A wannan gaɓar kaɗai magani ke kama su, shi ya sa ake ci gaba da shi kwanaki bayan ɗigon ya ɓace. In ba su samu kifi ba, mutuwa suke yi, domin ba sa rayuwa a jikin dodon koɗi ko tsiro. Saboda haka duka kifayen ake kwashewa, ba mai ɗigo kaɗai ba, a bar babban akwatin ba kifi kamar mako biyu a ruwanmu mai ɗumi, ba tare da an ɗiga masa komai ba.

A tankin jinya, in an sa matatar ruwa, a cire gawayin da ke cikinta kafin a sa magani, don yana tsotse shi. A ware masa komarsa da bokitinsa, kada su taɓa babban akwati. Sabon kifi ma, in ka sayo, nan zai fara zama makonni kana duba jikinsa kowace safiya kafin ya shiga cikin sauran.