2,147,483,647

2,147,483,647 (biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai) lambar firam ce, wato babu lambar da ke raba ta daidai ba saura sai 1 da ita kanta. Ana samun ta idan aka jera 2 guda 31 aka ninka su da juna, sannan aka debe ɗaya: 2³¹ − 1.

Firam masu wannan siffa ana kiran su lambobin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, limamin coci ɗan Faransa wanda ya sa ta cikin jerin lambobin da ya ce firam ne a 1644. Ita ce ta takwas a dangin, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Da yake 31 ɗin ma lambar Mersenne ce (2⁵ − 1), ana lissafa ta cikin Mersenne masu ninki biyu, waɗanda huɗu kacal aka sani a cikinsu firam ne.

Mersenne faɗa kawai ya yi, bai kawo hujja ba. Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Siwizalan, shi ya tabbatar da zancen a wasiƙar da ya aika wa wani masanin lissafi mai suna Bernoulli a 1772, lokacin idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Ya nuna cewa duk firam ɗin da zai iya raba ta, idan aka raba shi da 248, saurarsa 1 ce ko 63. Sai ya gwada irin waɗannan kaɗai, na ƙasa da 46,341, bai sami ko ɗaya ba. Aikin hannu ne zalla, kuma dabarar rage gwajin ta fi sakamakon burgewa. Daga nan ta zama firam mafi girma da aka sani har zuwa 1867.

Idan aka ninka ta da 2³⁰ ana samun 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiyar lamba ta takwas: lambar da jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, ke komawa daidai ita, kamar 6 = 1 + 2 + 3.

A yau masu rubuta manhaja sun fi masana lissafi cin karo da ita. A lissafin kwamfuta na sifili da ɗaya, 1 ce sau 31 a jere, don haka ita ce iyakar abin da gurbi mai bit 32 (bit shi ne mazaunin sifili ko ɗaya guda) ke ɗauka idan an ware bit guda don nuna ko lambar ƙasa da sifili take. Ƙara mata ɗaya a irin wannan gurbi yakan juyar da ita zuwa −2,147,483,648. Tsarin Unix, manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa, na ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma ƙirgar za ta kai wannan iyaka ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 03:14:07 agogon GMT. Na'urar da ba a mayar da ita bit 64 ba tana iya ɗauka an koma Disamban 1901.