Garkuwar shuka, da jinin da gyaɗa ba ta da shi

Tun zamanin korona "garkuwar jiki" ta shiga bakin kowa, yanzu har ta tsallaka gona. Rannan na ji mai tallar maganin feshi a rediyo yana rantsuwa wai ruwansa na ƙara wa gyaɗa jini, sojojin jikinta su yi ƙarfi. Wane jinin kuma? Shuka ba ta da jini, balle sojojin da ke yawo cikinsa.

Kalmar ce ke ruɗa mu. Garkuwa fata ce da mayaƙi ke tare kibiya da ita, irin ta dakarun Ɗan Baskore, sarkin Maraɗi na da. Ita shuka ta fi kama da birni mai ƙofofi, kuma yaƙinta duk a kan shige da fice yake. Ganye na da ƴan kafofin shan iska; da ya ji ƙwayar cuta sai ya tsuke su. Hanyoyin da ke tsakanin ƙwayoyin halittarsa ma ya liƙe su da wani abu kamar ƙaro.

Abin da ya fi burge ni shi ne aike. A 1961 wani masani a Amurka, Frank Ross, ya sa wa ganyen taba na ƙasa cuta da gangan. Bayan kamar mako guda ya gwada ganyen sama, waɗanda bai taɓa ba, sai tabonsu ya fito ƴan mitsi-mitsi. Ashe labari ya riga shi hawa! Saƙon ya bi jijiyoyin ganye, suka tara sinadarin salisilik, ɗan'uwan asfirin ɗin da muke haɗiya, suka zauna cikin shiri.

Cuta ma ta san hanya. Ƙwayar da ke busar da ganyen shinkafa tilasta wa shukar take ta buɗe ƙofofin fitar da sukari, ta zauna a waje tana lasa, kamar ɓarawon da ya saye mai gadin rumbu. Kuturun gyaɗa da ya yi wa ƙasar Hausa ɓarna a 1975, darɓa, ƴan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, ce ke tsikara shi cikin jijiyar da ke ɗaukar sukari, ya bazu.

Shi ya sa in mai iri a kasuwar Maraɗi ya ce mini irinsa na da garkuwa, nakan ce: Malam, ta wace cuta? Wanda ya jure kuturu, tsatsa na iya kayar da shi a damina guda.