suEXEC

suEXEC wani tsari ne a cikin manhajar Apache, wadda ke ɗaukar shafukan intanet, da ke sa kowane shirin CGI, wato shirin da Apache ke kunnawa don ya samar da abin da shafi zai nuna, ya yi aiki da sunan mai shi, maimakon sunan sabar, wato Apache ɗin kanta. Ya fara fitowa a Apache 1.2 a shekarar 1997, shekara biyu bayan fitowar Apache ɗin kanta.

Matsalar da ya zo ya magance ta yi kama da ta gidan haya. Ƙaramin kamfani a Yamai na iya ɗora shafin wata makaranta, da na ƙungiyar manoman albasa ta Tahoua, da na wani kanti, duka a kan kwamfuta guda. Apache tana aiki ne da asusu ɗaya tak: sunansa www-data a nau'ikan Linux na Debian da Ubuntu, apache a na Red Hat. In ba a yi wani tanadi ba, duk shirin da aka kunna zai yi aiki ne da wannan asusu ɗaya. Ke nan ɗakuna da yawa, makulli ɗaya. Ɓarawon da ya samu kafa a shafin kanti zai iya karanta fayil ɗin da makaranta ta ajiye kalmar sirrin rumbun bayananta.

Yadda yake aiki

Ana girka wani ɗan shiri mai suna suexec, mallakar root, wato asusun da ke da cikakken iko a kan na'urar, tare da alamar setuid, wadda ke sa shiri ya yi aiki da ikon mai shi ko wa ya kunna shi. Idan buƙata ta iso, Apache ta kira shi, shi kuma ya sauya zuwa asusun mai shafin kafin ya kunna shirin. Tun daga Apache 2.0, ana nuna asusun da rukuninsa ta umarnin SuexecUserGroup.

Da yake riƙe ikon root abu ne mai hatsari ko da na ƙiftawar ido ne, suexec yana yin bincike kusan 20 kafin ya yarda. Ba ya kunna komai da sunan root. Lambar da kwamfutar ke gane asusun da ita dole ta kai wani ƙaramin mizani, wanda a asali 100 ne, don a kare asusun da tsarin ke amfani da su. Dole shirin ya kasance a cikin jakar da aka amince da ita, kamar /var/www a Debian, ko public_html ta mai asusun. Mai fayil ɗin da mai jakar dole su zama asusun da aka ambata, kuma kada wani daban ya samu izinin rubutu a kansu. Sai ya share bayanan muhalli marasa aminci, wato saitunan da ake miƙa wa shiri idan an kunna shi, ya bar PATH (jerin jakunkunan da ake neman shirye-shirye a ciki) mai aminci.

A nan ne masu koyon aikin suka fi tuntuɓe. Shafi ya nuna kuskure mai lamba 500, sai a ba fayil izinin 777, wanda ke ba kowa damar rubutu a kansa, da zaton an buɗe masa hanya, alhali wannan izinin kaɗai ya isa suexec ya ƙi shi. Izinin 755, inda mai fayil ɗin kaɗai ke iya rubutu, shi ne daidai, kuma dalilin ƙin yana rubuce a fayil ɗin suexec.log. Wannan taurin kan shi ne amfaninsa, bai kamata a nemi kauce masa ba.

Iyakarsa

suEXEC bai shafi shirye-shiryen harshen PHP da ke aiki ta mod_php, wani ɓangaren da ake ƙara wa Apache, ba, domin wannan a cikin Apache yake gudana da asusunta. An daɗe ana cike giɓin da wani shiri mai suna suPHP, wanda aka daina raya shi. Yanzu an fi amfani da PHP-FPM, da ya shiga PHP 5.3.3 a 2010, inda ake ware wa kowane shafi nasa rukunin shirye-shiryen da ke yi masa aiki da nasa asusu. Haka kuma suEXEC ba ya gyara shirin da aka rubuta da sakaci: wanda ya kutsa shafin kanti zai yi ɓarna a fayilolin kantin, sai dai ba zai taɓa na makaranta ba muddin an rufe su da izinin da ya dace.