Waiwaye: Yadda handikap ta taso daga cikin hula

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon cacar ƙwallo ya ji ana cewa handikap, wato tsarin daidaita mai ƙarfi da mai rauni a gasa. 'Yan wasan ƙwallon dawaki na Katsina da Kaduna ma sun san ta, don da ita ake auna gwanintar mahayi, daga -2 zuwa 10. Asalinta Ingila ne.

A ƙarni na 17 Turawan can suna da wani wasan musayar kaya da suke kira "hand in cap", wato hannu cikin hula. Mutum biyu za su yi musaya, na uku ya zama alƙali, shi ke yanke cikon da mai ƙaramin kaya zai ɗora. Sai su ukun su zuba kuɗi a hula, masu cinikin su cusa hannu. Wanda ya fito da hannu a buɗe ya sallama, wanda ya dunƙule ya ƙi. In bakinsu ya zo ɗaya, a yarda ne ko a ƙi, kuɗin na alƙali ne. In suka saɓa, wanda ya sallama ya kwashe.

Wajen tsakiyar ƙarni na 18 dabarar ta shiga sukuwa. Maimakon cikon kuɗi, sai alƙali ya ɗora wa ingarman doki ƙarin nauyi, yawanci dalma a ƙarƙashin sirdi. Kada a ɗauka tausayin raunanan dawaki ne ya jawo haka. In kowa ya san wanda zai zo na ɗaya, wa zai zuba kuɗinsa? Nauyin kuwa yakan yi aikinsa: a gasar Melbourne Cup ta Ostireliya a 1931, shahararren dokin nan Phar Lap ya ɗauki kilo 68, ya ƙare na takwas.

Cacar ƙwallo ta ari tsarin, ta mayar da dalma ƙwallaye. Ana ba ƙaramar ƙungiya ƙwallo ɗaya ko rabi tun ba a take wasa ba, kuma rabin nan shi ke kawar da canjaras. Wannan salo a Asiya ya bunƙasa.

A Turanci kalmar tana nufin naƙasa ma, amma wannan ma'ana sai a ƙarni na 20 ta biyo baya. Labarin da ake yaɗawa cewa kalmar ta samo asali daga mabarata masu miƙa hula kuwa, ba shi da tushe.